Kofur Tobiya Ya Koma Kurtu

A unguwar Sintali cikin Jalingo, in ka bi layin da ke bayan injin niƙa, gida na uku a hannun hagu, wanda aka share ƙofarsa har ƙasa ta yi sulɓi, aka jera duwatsu aka shafa musu farar ƙasa, to gidan Tobiya ke nan. Duk unguwa Kofur ake ce masa. Igiya biyu kacal ya samu a shekara goma sha ɗaya da ya yi a soja, amma in ka ga yadda yake tafiya da bokiti zuwa makewayi, sai ka rantse janar ne zai duba fareti.

Shi dai cewa yake soja gadonsu ne. Wai kakansa, tun lokacin da Turawa ke bi ƙauye-ƙauye suna ɗibar mutane, da sanda da igiya aka auna shi: sanda a tsaye don tsawo, igiya a ƙirji don faɗi. Wanda ya kai sanda ya cika igiya, magana ta ƙare, sai a aske masa kai a ɗora masa jar dara. Aka tafi da tsohon yaƙin Kamaru, ya dawo da tari da maɓallan tagulla guda uku. Tarin ya kashe shi, maɓallan kuwa suna nan cikin gwangwanin madara.

Shi Tobiya ko sandar ma ba a wahalar da kai an kawo ba. A shekarar sittin da takwas, yaƙin basasa ya cinye mutane ana neman ƙari, mota ta tsaya a ƙauyensu can bayan duwatsun Kona, aka ce da mai gari ya kawo maza goma kafin rana ta yi tsaka. Takwas ya samu. Sai idonsa ya faɗa kan Tobiya yana dawowa daga gonar doya, ɗan shekara goma sha biyar, amma kafaɗa kamar ƙofar rumbu. Sajan da ke ɗibar mutane ya buɗe masa baki ya duba haƙora yadda ake duba jaki a kasuwa, ya ɗaga masa hannu ya leƙa hammata, ya juya ya ce da magatakarda, "Rubuta ashirin da biyu." Aka rubuta. Mako shida aka koya masa tafiyar fareti da kwance bindiga, aka tura shi kudu. Abin da ya gani a can ba ya faɗa. In ka tambaye shi yaƙi, sai ya ba ka labarin yadda ake goge takalmi da kyandir da yawu.

A saba'in da tara aka rage sojoji, aka miƙa masa littafin sallama mai koren bango, aka ce ya koma gida. Ya dawo Jalingo da matarsa Mabel da 'yarsu Ƙauna. Aikin da ya samu shi ne lodin shanu a kasuwar Iware. Wannan ya kama ƙaho, wancan ya murɗa wutsiya, a tura bijimi cikin tirela, kashi har gwiwa. Shekara goma sha biyu yana wannan. Kullum in ya dawo sai ya wanke rigar lodin ya goge ta da dutsen gawayi, har da karin wando, sa'an nan gobe saniya ta sake yi masa ado a kai. Kaki yake so. Ba ya ɓoyewa. Yakan ce mutum in ba shi da lamba a ƙirji, ko ya mutu a hanya ba a san wanda za a gaya wa ba.

Da aka ba mu jiha a casa'in da ɗaya, Jalingo ta tashi daga barci da fayil a hammata. Shagon da jiya ake sayar da garin rogo, yau an maƙala masa allo ya zama ofis. Shekara na zagayowa aka yi shela a rediyo za a ɗauki 'yan kwana-kwana, masu kashe gobara, a horar da su wata uku. Tobiya bai bari an gama karanta sanarwar ba ya hau goge takalmi.

Washegari ya tafi da littafin sallamarsa a aljihun gaba, ya ƙame gaban teburin wani magatakarda da ke cin gyaɗa. Ya ce ya zo ya ba da kansa ya koyar da fareti.

"Masu koyarwa an kawo su daga Yola," in ji magatakarda. "Kurata muke nema."

"To a rubuta ni a kurtu."

Magatakarda ya buɗe littafin, ya yi lissafi da yatsunsa masu gishiri. "Baba, nan an ce shekararka arba'in da shida. Mu kuma daga talatin ba mu wucewa."

"Talatin da tara nake. Wancan Saja ne ya rubuta."

"To Sajan za ka nemo ya gyara. Na baya, matso."

Da safe ya ba Abbo labari a teburin mai shayi. Abbo dillalin shanu ne, tare suke shiga motar Iware, kuma tun da suka saba bai taɓa barin Tobiya ya gama shan shayi lafiya ba.

Abbo ya gaishe shi da Fulatanci. "A waali jam, Kofur? Na ga fuskar kamar an ƙwace igiyar."

"Jam. Ka bar ni."

Da ya ji abin da ya faru, Abbo ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. "Kai kaɗai ka rage a garin nan da shekarunka na da. Tun da aka ba mu jiha kowa an sake haifarsa. Masinjan nan mai jika biyar, bana ashirin da bakwai yake. Ka je gindin mangwaron kotu, akwai mai tafireta. Ka faɗa masa ranar da kake so uwarka ta haife ka, ka shiga ka rantse, shi ke nan."

"Da littafin fa?"

"Littafin ai shi ne maƙiyinka. In ka nuna shi, kai soja ne amma tsoho. In ka ɓoye shi, kai yaro ne amma ba ka taɓa ganin bariki ba. Zaɓi ɗaya. Saniya ma ba a sayar da ita da haƙora iri biyu."

Kwana uku Tobiya yana juya maganar. Littafin nan shi ne kaɗai abin da ya nuna cewa ya taɓa zama wani. A rana ta huɗu ya miƙa wa Mabel ya ce ta ajiye inda ko shi ba zai gani ba.

Mabel 'yar zumuntar mata ce, mai kaɗa tulu a ƙungiyar waƙa ta coci, ba ta wasa da rantsuwa. Ta riƙe littafin ta dube shi.

"Baban Ƙauna, da wane hannu za ka ɗauki Littafi Mai Tsarki ka faɗi wannan?"

"Ƙaryar farko ba ni na yi ta ba. Su suka ɗora mini shekaru, ni saukewa zan yi."

"Bakwai suka ɗora maka. Kai goma sha bakwai za ka sauke."

"Sauran ladan dako ne."

"Ƙauna tana da goyo. Kai ne kakan Job, kakan wa ka taɓa ji ɗan ashirin da tara?"

Job sunan jaririn Ƙauna ne, wata huɗu da haihuwa. Mabel ta ɗaga murfin babbar samirar da ke ƙasan jere, ta jefa littafin, ta mayar da kwanuka a kai da ƙarfin da ya fi na ajiya.

Ya aske kai tal don furfurar da ta fara leƙowa a gefen kunne, ya sauke gashin bakin da ya reno tun yana bariki. Da ya fito sai ka ce an fere doya. Matan layi suka riƙa tambayarsa ko babansa na ciki. Abbo ya ce in an yi hutun makaranta zai saya masa alewa. Tobiya ya shanye tsokanar duka, ya je kotu ya rantse. Ya jira ranar da wancan mai gyaɗar ba ya kan tebur, ya kai sabuwar takarda, aka auna tsawonsa, aka sa su gudu daga bakin gada zuwa filin horo. Ya zo na shida cikin mutum ɗari da wani abu, bayan ya shiga ciyawa ya yi amai inda ba mai gani. Aka ɗauki arba'in. Aka ce musu a ƙarshen wata uku za a ba wanda ya tsaya kaki da lamba, wanda kuma aka kama da takardar ƙarya, ko ranar ƙarshe ce, zai koma gida. Tobiya ya zama kurtu na goma sha bakwai.

A wata tsohuwar makaranta a bayan gari aka zuba su, gajeren wando da shuɗiyar singileti. Mai horar da su Oga Simeon ne, siriri, mai usur a wuya, wanda a ƙirgen gaskiya Tobiya ya ba shi shekara shida. Ana tashi da gudu, a hau tsani a sauko, a naɗe tiyo a warware, a ɗauki abokin aiki a kafaɗa a zagaya fili da shi. Gwiwoyin Tobiya suna kuka kamar tsohuwar ƙofa, yana shafa musu man zafi a bayan ban ɗaki. Duk wannan bai dame shi ba. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne ya yi kamar bai iya ba.

Sauran kurata in an ce hagu, rabi su yi dama, su yi karo da goshi. Wani in ya ɗaga ƙafar dama sai hannun dama ya bi ta, kamar raƙumi. Tobiya ya yi ƙoƙari ya ɓata nasa, ya riƙa gaya wa ƙafarsa ta makara. Ƙafar ta ƙi. Da an ba da umarni sai dunduniyarsa ta buga ƙasa ita kaɗai, tsaf, kafin shi ya tuna cewa bai kamata ya sani ba. Bargonsa in ya naɗe, kusurwa huɗu sai ka yanke hannu. A mako na biyu Oga Simeon ya tsaya gabansa ya daɗe yana kallon takalminsa.

"Goma sha bakwai, ina ka koyi wannan?"

"'Yan faretin coci, Oga."

"Cocin naku da igwa ake buɗe sujada?"

Kurata suka yi dariya. Oga Simeon bai yi ba. Ya wuce gaba, amma daga ranar in yana so ya nuna wa sauran yadda ake juyawa, sai ya ce goma sha bakwai ya fito.

Aka haɗa shi aikin tiyo da wani Elias, ɗan Abbare, mai shekara ashirin da huɗu na gaskiya, mai yawan surutu da haƙora farare da yake ji da su. Yana da budurwa da ta ce sai ya sa kaki za a kai kaya gidansu. Elias ya liƙe wa Tobiya. Shi ke ce masa "abokina", yana dafa masa kafaɗa, yana ba shi shawarar yadda ake zance da mace. Tobiya mai aure shekara goma sha tara yana gyaɗa kai.

Ranar Lahadi ta biyar aka bar 'yan'uwa su zo bakin shingen waya. Tobiya ya riga ya aika wa Mabel cewa kada kowa ya zo. Saƙon bai kai ga Ƙauna ba, don tana gidan mijinta. Yana zaune da Elias a gindin dalbejiya sai ga ta da goyo, da kwanon tuwo a ka, tana leƙen fuskoki. Ta gan shi, fuskarta ta buɗe.

"Baba."

Ya sunkuyar da kai yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

"Baba, ni ce."

Elias ya zungure shi. "Abokina, kai fa take kallo."

Tobiya ya tashi ya je bakin waya. Jaririn ya miƙo hannu ta kafaɗar uwarsa. Bai taɓa shi ba. Ya karɓi kwanon, ya ce da ƙarfi yadda na baya za su ji, "Ki gai da Yaya. Ki ce masa na gode." Ƙauna ta dube shi, ta dubi kurata, ta gane. Ta ce, "To, Kawu," ta juya. Bai taɓa jin an faɗi kalma da sanyi irin wannan ba. Ya dawo ya ce da Elias 'yar yayansa ce, a gidansu kowa Baba take ce masa. Elias ya cinye rabin tuwon yana yabon miyar. Tobiya ya ce cikinsa na ciwo.

Ya ce wa kansa saura mako bakwai. Da ya sa kakin, zai je har gidan mijinta da shi ya ɗauki jikansa.

A mako na goma sha ɗaya aka zo gwajin wuta ta gaske. An haƙa rami a ƙarshen fili, aka cika shi da tsofaffin tayoyi da katako da baƙin mai, aka kawo motar ruwa. Tun da safe Oga Simeon ya maimaita musu dokar da ya yi wata biyu yana faɗa. Mutum biyu ke riƙe tiyo. Na ɗaya yana gaba da bakin tagulla a hannu, na biyu yana bayansa, kafaɗa a jingine, yana tokare shi. Ruwan in ya zo, da ƙarfin doki yake zuwa. Ko sama za ta faɗo, na ɗaya ba ya saki sai an kashe ruwa daga mota, don tiyon da aka saki da ruwa a ciki maciji ne mai kan ƙarfe, kuma wanda ke kusa yake sara.

Aka cinna wa ramin wuta da hantsi. Hayaƙi ya miƙe baƙi ƙirin, har masu wucewa a hanya suka tsaya. Biyu-biyu ake shiga. Da aka zo kansu, Tobiya ne na ɗaya, Elias na biyu. Ya kafa ƙafa, ya ɗaga hannu aka sako ruwa, ya ji tiyon ya kumbura a hammatarsa. Ya bi gindin wutar yana sharewa daga hagu zuwa dama, taku ɗaya-ɗaya, yadda aka koya. Ya ji Oga Simeon a baya yana cewa sauran su buɗe ido su ga aiki. Zafi na dukan fuskarsa, zuciyarsa fari tas.

Cikin tayoyin da leburori suka tara, ashe akwai guda da ke kan ƙarfenta, da iskarta a ciki. Ta gasu ta fashe.

Ƙarar ta yi kamar ƙasa ta tsage. Sauran kurata suka zabura, wasu suka toshe kunne, amma suna tsaye, don su ba su san ƙarar komai ba ce sai ta taya. Tobiya kuwa bai san lokacin da ya bar duniyar nan ba. Ya ji bakinsa na ihu, "A kwanta, a kwanta," ya ji ƙirjinsa ya bugi laka, hannuwansa biyu a ƙeya, yana jan ciki yana neman rami. Ya ji warin jar ƙasa jiƙaƙƙiya da ganyen kwakwar manja, abin da babu shi a filin nan. Yana jiran ta biyu ta sauka, don a saninsa ba ta taɓa zuwa ita kaɗai.

Ta biyu ba ta zo ba. Da ya ɗago kai, an kashe ruwa. Tiyon na kwance can gefe yana tsiyaya. Elias na zaune a laka, hannu biyu a baki, jini na bin tsakanin yatsunsa har gwiwar hannu. Bakin tagullar ya same shi a muƙamuƙi. Mutum talatin da takwas suna tsaye suna kallon Tobiya a kwance.

Da rana Oga Simeon ya kira shi ajin da ya mayar ofis. Ya rufe ƙofa, ya cire usur ya ajiye a tebur, ya jawo benci.

"Zauna, Baba."

Tobiya ya ƙame.

"Na ce ka zauna. Wace bataliya?"

Ya faɗa. Har lambarsa ta da ta biyo baya, ba a tambaye shi ba.

"Muƙami?"

"Kofur."

"Tun mako na biyu na sani, Kofur. Yayana ma ya je, shi bai dawo ba. Na ce in dai ni ne, ba zan tona ka ba, saura kwana tara." Ya jawo wata takarda da ba a rubuta komai a kai ba. "Yanzu an zub da jini, dole in rubuta. Muƙamuƙin yaron ya karye, haƙora huɗu sun tafi. Ina iya rubuta cewa santsi ya kwashe ka. Laka ce, kowa ya gani. Ihun da ka yi kuwa, zan ce gargaɗi ne ka yi wa na baya. Ba wanda zai sake tambaya. Ka sa kakinka."

Tobiya ya ji numfashinsa ya dawo. Ya dubi takardar kamar mai ƙishi.

"Abu ɗaya nake so ka gaya mini kafin in sa biro. Gobarar kasuwa ba ramin makaranta ba ce. Akwai duro na fetur, akwai tukunyar gas, akwai gwangwanin maganin sauro katan-katan. Fashewa suke yi, ba sau ɗaya ba. Wani zai jingina kafaɗarsa a bayanka. In ta sake fashewa, za ka riƙe?"

Kalma ɗaya ce. Ya riga ya rantse da Littafi a kan abin da ya fi wannan girma, ya riga ya kira 'yarsa 'yar wani. Ya buɗe baki. Sai ya lura hannuwansa da ke kan gwiwa har yanzu rawa suke yi, awa huɗu bayan abin. Ya danne ɗaya da ɗaya, duka biyun suka ci gaba. Shekara ashirin da biyu da gama yaƙi, yana tsammani ya baro shi a can, ashe tare suka hau jirgin ƙasan dawowa gida.

"Zan kwanta, Oga."

"Ka yi tunani."

"Ba ni nake yi ba. In ta fashe, zan kwanta."

Oga Simeon ya jawo takardar ya rubuta layi biyu: kurtu na goma sha bakwai ya janye da kansa saboda lafiya. Bai ambaci shekaru ba. Ya miƙe ya ba Tobiya hannu, Tobiya ya sara masa maimakon haka, don abin da jikinsa ya iya ke nan.

Singileti da wando da takalmi duk na hukuma ne, aka karɓe a sito. Ya sa rigar da ya zo da ita, wani mai dafa abinci ya ara masa silifa. Da la'asar ya shigo Sintali a ƙafa, lokacin da kowa ke ƙofar gida. Labari ya riga shi isowa, har an ƙara masa gishiri, wai ya haƙa rami da farce. Mun tanadi maganganu iri-iri. Da muka ga tafiyarsa, ba wanda ya fitar da nasa. Abbo ya taso daga benci ya bi shi har ƙofa, ya ce gobe akwai tirela uku a Iware, in yana so. Tobiya ya ce yana so.

Washegarin kasuwa Mabel ta dama kunun gyaɗa ta tace shi sau biyu, don an ɗaure wa Elias baki da waya, sai abin da zai bi ta tsinken roba. Tobiya ya kai asibiti da kansa. A bakin ɗakin ya tarar da mahaifin Elias, wani tsohon kafinta, a zaune kan tabarma.

"Kai ne na ɗayan?"

"Ni ne, Baba."

"Kai ka saki?"

"Ni na saki."

Tsohon ya dube shi daga silifa har ƙoƙon kai inda furfura ta fara tsirowa. "Ya ce mini abokinsa ne, sa'ansa. Ajiye a nan." Ya nuna ƙasa da haɓa. Bai ce ya shiga ba. Ta tagar ƙofa Tobiya ya hango Elias a jingine, fuska a kumbure kamar ƙwarya. Idonsu ya haɗu. Elias ya juya ya fuskanci bango.

An yi bikin yaye kurata ban da su biyun. Elias ya warke, aka ɗauke shi a zubi na gaba, amma a ɗakin amsa waya aka ajiye shi, kuma bai ƙara dariya da baki buɗe ba. In sun haɗu da Tobiya a hanya, yakan tsallaka ɗaya gefen. Ƙauna ta yi wata biyar ba ta taka gidan ba, sai da Mabel ta je ta zauna mata a tsakar gida tun safe har yamma.

Tobiya yana nan a Iware, yana murɗa wutsiyar shanu. Gashin bakin ya dawo, fari ya fi yawa. Muna tsokanarsa kan komai, kan karin wandonsa, kan duwatsun ƙofar gida, kan yadda yake tsawata wa awaki su shiga layi. Abu ɗaya ne ba ma taɓawa. In Disamba ta kama, yara suka fara fasa banga a layi, nakiyar wasan nan ta Kirsimeti, sai ya ɗaure tabarma da tukunya a keke ya tafi bukkar gonarsa, can inda ba a jin komai sai kukan kurciya. Wai gadin doya yake yi. Mabel ke kai masa shinkafar Kirsimeti a kwano, ta zauna ya ci, ta dawo ita kaɗai. Sai an shiga sabuwar shekara da kwana uku yake komowa gida.